Marigayi Farfesa Osuntokun, Likitan Ƙwaƙwalwa Na Badun

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk mazaunin unguwar Sabo ta Badun ya san babban asibitin koyarwa da ke Orita Mefa, wanda ake kira UCH, domin daga Mokola tafiya ce 'yar kaɗan, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa kai majinyaci can ba. Amma kaɗan ne daga cikin mutanenmu suka san sunan mutumin da ya sa duniya ta san wannan asibiti wajen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, watau Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda ya rasu cikin shekarar 1995. Tarihinsa ne muka kawo wa masu karatu a yau.

Cututtuka uku ne ya fi ba ƙarfinsa. Akwai wata cutar tangaɗi da ke kama talakawan ƙasar Ijebu, akwai farfaɗiya, sa'an nan akwai mantuwar tsofaffi. Dukkansu jama'a sun saba jingina su ga iska ko sammu ko maita, Yarabawa da Hausawa baki ɗaya. Shi kuwa hanyarsa ita ce ya bar ofis ya shiga gari, ya bi gida gida yana ƙirga masu ciwo, yana tambayar abin da suke ci da yadda suke zaune, har dalilin ciwon ya fito fili.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi ran 6 ga watan Janairu 1935 a garin Okemesi, cikin Jihar Ekiti ta yau. Gidansu gidan 'yan boko ne. Wansa Oduola ya yi minista a gwamnatin Jihar Yamma, ƙanensa Akinjide kuwa ya zama shehun malamin tarihi, shi ne ma ya rubuta tarihin Sir Kashim Ibrahim. Benjamin ya yi sakandare a makarantar Christ's School ta Ado-Ekiti, daga nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe cikin 1948, don koyon aikin likita.

A farkon zamanin kwalejin, ɗalibai sukan fara karatu a Badun ne su je Landan su ƙarasa, don babu asibitin da ya isa a koyar a cikinsa. Da aka buɗe UCH cikin 1957 sai aka huta da wannan. Osuntokun yana cikin rukunan farko da suka gama a gida, ya fita cikin 1961, Nijeriya tana da shekara ɗaya da samun mulkin kai.

Cikin 1963 ya tafi Kadif ya yi aiki ƙarƙashin Farfesa Harold Scarborough, wanda daga baya ya zo Zariya ya koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Shekarar da ta biyo ya koma Niyukasil ta Ingila wurin Henry Miller da John Walton, manyan likitocin jijiyoyi na wannan zamani. Da ya komo Badun sai ya tarar da Dokta Latunde Odeku ya riga ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa tun 1962, suka haɗa hannu, ɗaya yana aiki da wuƙa, ɗaya da gwaji da magani. Ya zama farfesa cikin 1970, yana da shekara 35 kacal. Matarsa Olabopo ita ma likita ce, ta zama farfesa a fannin ido a wannan jami'a.

Gubar Cikin Rogo

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne cutar tangaɗi. A wajen Epe da Ososa, kusa da Ijebu-Ode, akwai magidanta da yawa da ƙafafunsu kan mutu, su riƙa jin kamar ana soka musu allura, in sun tashi tafiya su yi ta tangaɗi kamar mashaya, balle da dare. Daga baya gani ya ragu, ji ya ragu. Wasu likitoci tun cikin shekarun 1930 sun zargi rogo, amma ba a tabbatar ba.

Osuntokun da abokan aikinsa, ciki har da Dokta Monekosso ɗan Kamaru, suka gwada garuruwa biyu. Ososa abincinsu rogo ne safe da yamma, Akinmorin kuwa doya suka fi ci. Cutar ta yi yawa a Ososa, da ƙyar ake ganinta a Akinmorin. Suka auna jinin mutane suka ga na masu cin rogo cike yake da sauran gubar sayanayid. An buga sakamakon cikin 1969, shekarar da ya sami digirinsa na dokta a kan wannan bincike.

Bayanin kuwa shi ne, rogo mai ɗaci yana ɗauke da wannan guba. In an jiƙa shi kwanaki, ya yi tsami, aka matse, aka soya sosai kamar yadda ake yin garin kwaki mai kyau, yawancinta kan fita. Ɗan abin da ya rage jiki kan kashe shi da taimakon farar wuta da ake samu a nama da kifi da ƙwai. Talakan da ba ya samun waɗannan, ga shi kuma yunwa ta sa an gaggauta aikin rogon, shi ne gubar kan ci jijiyoyinsa a hankali shekara da shekaru. Masanan da suka biyo baya sun ƙara da cewa ƙarancin wasu bitamin ma yana da hannu. Duk da haka shawarar da ta fito daga aikinsa tana nan daram: a ba rogo kwanakinsa a ruwa, kuma kada ya zama shi kaɗai ne a akushi.

Farfaɗiya Da Ƙwayoyin Birki

Daga nan ya juya kan farfaɗiya. Kowa ya san halin da mai farfaɗiya ke ciki a garuruwanmu. In ya faɗi sai a watse don tsoron miyansa, ba a cin abinci da shi, aure ya yi masa wuya, wani kuma ya faɗa cikin wuta ko rijiya babu mai tarbe shi. Alhali kuwa ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau ko ta taɓa jiki ko kaɗan.

Domin a gane abin da ke kawo ta, sai mun ɗan leƙa cikin kai. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, suna aika wa juna saƙo ta ɗan ƙaramin lantarki. Iri biyu ne manya. Akwai masu zuga, waɗanda in sun taɓa 'yar'uwarsu sai ta tashi ta aika da nata saƙon. Akwai kuma masu birki, waɗanda aikinsu shi ne su tsawata wa maƙwabta su yi shiru. A ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani yake, misalin ɗaya cikin biyar ne masu birki. Suna aiki da wani sinadari da ake kira GABA, wanda aka gano a cikin ƙwaƙwalwa cikin 1950.

Direban babbar mota da ke sauko da shanu daga Arewa ya san abin da kan faru in birki ya ƙi ci a gangare. Haka nan in masu zuga suka fi ƙarfin masu birki a wani sashe na ƙwaƙwalwa, sai dubban ƙwayoyi su tashi gaba ɗaya babu mai tsayar da su, mutum ya sanƙare ya faɗi. Maganin nan finobabiton, wanda ake ba masu farfaɗiya tun 1912, ƙarfafa birkin yake yi. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, wasu ma cikin barci yake zo musu. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Tambayar Osuntokun ita ce mutum nawa ke da ciwon, kuma me ya sa. Littafin asibiti ba zai faɗa ba, tun da yawancin masu ciwon wurin boka ake kai su. Saboda haka shi da wani likitan Amurka, Bruce Schoenberg, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka tsara wasu 'yan tambayoyi da gwaje-gwaje masu sauƙi waɗanda ko wanda ba likita ba zai iya yi a ƙofar gida, sa'an nan likita ya duba waɗanda aka zarga. An fara gwadawa a Aiyete, cikin ƙasar Ibarapa, aka buga sakamakon cikin 1982: mutum 37 cikin kowane 1,000 suna da farfaɗiya. Da aka yi irinsa a Igbo-Ora, inda aka duba mutum wajen 19,000, sai aka sami misalin 5 kawai cikin 1,000.

Garuruwan nan biyu maƙwabta ne, ƙabila ɗaya. Bambancin da masu binciken suka nuna shi ne tun 1963 Jami'ar Badun ta kafa aikin kiwon lafiyar karkara a Igbo-Ora, ana duba masu ciki, ana karɓar haihuwa, ana yi wa yara rigakafi da maganin zazzaɓi. Watau wahalar haihuwa, da zazzaɓi mai jijjiga, da cututtuka irin su sanƙarau, su ne kan bar tabo a ƙwaƙwalwar yaro ya zama farfaɗiya daga baya, kuma yawancinsu ana iya kare su. An ɗauki wannan tsarin ƙirga an yi aiki da shi a ƙasashe irin su Sin da Indiya da Ekwado.

Muƙamai

Bai tsira daga aikin ofis ba. Ya shugabanci tsangayar likitanci ta jami'ar daga 1974 zuwa 1978, ya kuma riƙe UCH a matsayin babban darekta daga 1985 zuwa 1990, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, magani ya yi tsada, likitoci da yawa suka kama hanyar Saudiyya da Turai. Shi ya zauna. Cikin 1984 aka ba shi lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke ba masana, daga 1987 zuwa 1990 kuma ya shugabanci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara kan bincike. Rubuce-rubucensa na ilmi sun haura 300.

Mantuwar Tsofaffi

Aikinsa na ƙarshe a kan tsofaffi ne. Akwai mantuwa ta yau da kullum, akwai kuma wadda tsoho zai ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya fita ƙofar gida ya ɓata a unguwar da aka haife shi, har ya kai ga bai gane 'ya'yansa ba. Mu kan ce ya rikice ko ya koma yaro, a wasu wurare kuma tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare ta kan sha jifa da sunan mayya. Mafi yawan irin wannan cutar Alzheimer ce, wadda wani likitan Jamus mai wannan suna ya bayyana cikin 1906.

Osuntokun ya lura ba a cika ganin cutar a asibitin Badun ba, alhali a Amurka ta cika gidajen tsofaffi. Sai ya haɗa kai da Farfesa Hugh Hendrie na birnin Indiyanafolis, suka fara wani babban bincike cikin 1992. Aka duba tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama fiye da 2,000 a unguwar Idikan ta Badun, da wasu fiye da 2,000 baƙaƙen fatar Amurka a Indiyanafolis, waɗanda kakannin yawancinsu daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, da tambayoyi iri ɗaya da gwaji iri ɗaya. Sakamakon da ya fito cikin 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 ne ke da cutar mantuwa a Badun, a Indiyanafolis kuwa kashi 8.24.

Abu biyu wannan ya koyar. Na farko, cutar tana nan cikinmu, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, mai ita kuwa majinyaci ne da ke bukatar kulawa. Na biyu, tun da jini ya yi kusa amma yawan cutar ya bambanta haka, lalle yadda ake rayuwa yana da hannu. An ga tsofaffin Idikan ba su kai na Amurka hawan jini da ciwon sukari da kitse a jini ba.

Bai ga ƙarshen aikin ba. Ya rasu a Kambirij ta Ingila ran 22 ga watan Satumba 1995, yana da shekara 60. Almajirinsa Farfesa Adesola Ogunniyi da sauran abokan aiki suka ci gaba, cikin 2001 kuma suka buga cewa ko sababbin kamuwa a kowace shekara na Badun bai kai rabin na Indiyanafolis ba.

Inda Barci Ya Shigo

Osuntokun ya tambayi abinci da jini da gado. A daidai shekarun da yake wannan aiki, wasu masana a ƙetare suna tono wani ɓangaren rayuwa da ya haɗa cututtukansa biyu na ƙarshe, watau barci, kuma ƙwayoyin birkin nan da muka ambata su ne a tsakiyar maganar.

Tun cikin 1924 wasu malamai biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka suka nuna cewa ɗalibin da ya haddace abu ya kwanta ya fi wanda ya haddace ya ci gaba da harkokinsa riƙewa. Cikin 1929 Hans Berger na Jamus ya bayyana na'urar da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa a takarda, aka ga ashe ƙwaƙwalwar mai barci ba a kashe take ba. Tana zagaya matakai, kowane zagaye misalin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare, kowane mataki da irin kiɗansa.

Kiɗa uku ne suka shafi riƙe abu a ka. Na farko mai nauyi ne, bai cika kai bugu ɗaya a sakan ba, daga ɓawon ƙwaƙwalwa yake tashi, ya fi yawa a barci mai zurfi na farkon dare. Na biyu gajere ne, yakan ɗauki sakan ɗaya ko biyu yana bugawa sau 12 zuwa 15 a sakan, zanensa a takarda siriri ne a baki biyu mai kauri a tsakiya, shi ya sa masana suka sa masa sunan mazari, irin wanda tsofaffin mata ke kaɗi da shi. Na uku wata karkarwa ce mai sauri ƙwarai, fiye da sau 100 a sakan a dabbobin gwaji, daga wani ɗan sashe da ake kira hipokamfas.

Wanda ya gano mai kaɗa mazarin shi ne Mircea Steriade, likita ɗan Rumaniya da ya koma Jami'ar Laval ta Kwibek a Kanada. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri, talamus, wanda yake kamar zaure: abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji da abin da fata ta taɓa duk ta nan suke bi kafin su shiga cikin gida. Kewaye da zauren akwai wani siririn mayafi wanda ƙwayoyinsa masu birki ne. Cikin 1985 Steriade da abokansa suka yanke hanyar da ke tsakanin mayafin da zauren a ƙwaƙwalwar kyanwa, sai mazarin ya ɓace. Cikin 1987 suka nuna mayafin ko an ware shi yana ci gaba da kiɗansa. Cikin 1993 kuma suka bayyana kiɗan nan mai nauyi.

Yadda abin yake, masu birki sukan danne ƙwayoyin zauren gaba ɗaya na ɗan lokaci. Da sun saki sai waɗancan su zabura tare, su aika da bugu zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, su kuma sake tayar da masu birkin, a sake dannewa. Mai kalangu ya san wannan, da matsewa da saki ake fitar da murya. Wannan dannewar tana kuma taimakawa wajen rufe zaure, har mutum ya yi barci a gefen titin Sabo motoci na wucewa bai ji ba.

Shi kuwa hipokamfas, ta hanyar farfaɗiya aka san aikinsa. Cikin 1953 aka yi wa wani saurayi Ba'amurke, Henry Molaison, fiɗa aka cire masa yawancin wannan sashe ta ɓangare biyu don a rage masa faɗuwa. Faɗuwar ta ragu, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon labari ba har ya mutu cikin 2008, ko da yake yana tuna ƙuruciyarsa. Ashe hipokamfas kamar allo yake: a nan ake fara rubuta karatun yini, amma wurin ajiya na dindindin shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma sai an yi ta biyawa kafin karatu ya tashi daga allo ya zauna a ka.

Cikin 1994, shekara guda kafin rasuwar Osuntokun, Matthew Wilson da Bruce McNaughton a Arizona suka ga biyawar da idonsu. Ƙwayoyin hipokamfas da suka yi aiki tare sa'ad da ɓera yake bin hanya yana neman abinci, su ne suka sake tashi tare bayan ya yi barci. An gane daga baya cewa cikin karkarwar nan mai sauri ake yin biyawar, kuma wasu ƙwayoyin birki na cikin hipokamfas ne ke yanka mata lokaci. Abin da ake bukata shi ne kiɗan uku su faɗa a kan juna: mai nauyi ya buɗe ƙofa, mazari ya shigo a kan gaɓa, karkarwa ta hau cikin mazarin da saƙonta. Cikin 2017 masana a Koriya ta Kudu da Jamus suka tayar da ƙwayoyin birkin mayafin nan a ɓeraye masu barci ta hanyar haske. Da suka yi a daidai gaɓar kiɗa mai nauyi sai ɓerayen suka fi tuna abin da aka koya musu jiya, da suka yi a saɓanin gaɓa kuwa babu ƙari.

To, ga inda zancen ya komo kan tsofaffin Osuntokun. Barci mai zurfi yana raguwa da shekaru. Masana a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley sun nuna cikin 2013 cewa tsofaffin da kiɗansu mai nauyi ya fi raunana su ne suka fi mance abin da suka koya kafin kwanciya, cikin 2018 kuma suka nuna mazarin tsoho yakan kuskure gaɓa. A masu cutar Alzheimer raguwar ta fi tsanani, su kuma sun fi sauran tsofaffi kamuwa da farfaɗiya. Masana suna kan binciken wanne ke jawo wanne, da yawansu kuma suna ganin kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. A Badun ma ba a bar zancen ba, domin Farfesa Oye Gureje da abokansa sun bi tsofaffin ƙasar Yarabawa shekaru, suka buga bincike kan rashin barcinsu cikin 2011.

Abin Da Ya Shafe Mu

Tun da aka kafa Sabo cikin 1916 cinikin goro da shanu ne ya riƙe ta, ga direbobi masu kwana a hanya, ga masu gadi, ga masu shayi da ba su tashi sai tsakar dare. Goro yana ɗauke da sinadarin kafeyin, irin na kofi, wanda rabinsa kan kai awa biyar a jini bai fita ba, kuma yana rage barci mai zurfi ko da mutum ya ce shi goro ba ya hana shi barci. Wanda ya ci goro bayan isha'i ya sani ya ci daga cikin rabon farkon darensa. Ƙwayoyin sa barci irin su Valium da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, su ma a kan birkin nan suke aiki, sai dai suna danne shi ne ba bisa gaɓa ba, suna rage kiɗa mai nauyi, suna kawo mantuwa da faɗuwa ga tsofaffi, kuma jiki kan saba da su.

Ɗalibin da ke kwana a zaune daren jarrabawa ya gane cewa ya cika allo ne bai ba shi damar shiga kai ba. Iyalin mai farfaɗiya su tsare masa barcinsa kamar yadda suke tsare masa maganinsa, in ya faɗi kuma a kawar da wuta da abin da zai ji masa ciwo, a juya shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Wanda kuwa yake da tsoho a gida da ya fara ɓata hanya ko yawon dare, ya auna masa hawan jini da sukari, ya kai shi wurin likita tun da wuri.

Bayan rasuwar Farfesa Osuntokun an kafa lacca ta tunawa da shi a Badun, likitocin da ya koyar kuwa sun bazu a asibitocin koyarwa na ƙasar nan da na ƙetare. Sashen da ya gina yana nan a UCH, a ƙarshen hanyar da ta tashi daga Mokola.